Manomin da Ya Ƙirga Haruffa

A wani ƙauye a gindin dutse akwai wani mutum manomi, mai gonar dawa da ɗan fegin acca a hayin rafi. Ba mai arziki ba ne, ba kuma mai roƙo ba. Bai shiga makaranta yana yaro ba, gama mahaifinsa ya miƙa masa garma tun bai kai tsawon ƙotarta ba. Sai da ya manyanta sa'an nan ya zauna a ajin yaƙi da jahilci da ake yi a majami'a, ya koyi karatu. Amma karatun nasa tafiyar hawainiya ne. Yakan ɗora yatsa a kan harafi, ya kira sunansa, sa'an nan ya matsa zuwa na gaba. In aka ba shi aya guda ya karanta a taron addu'a, sai mutane su gyara zama, don sun san za a daɗe.

Matarsa kuwa, wadda ake kira Maman Dogara da sunan ɗansu na fari, damina biyu ke nan yanar ido ta kama ta. Da farko zare ya ƙi shiga allura. Daga nan ta kasa tsince tsakuwa a cikin wake. Daga baya littafin waƙoƙi ya zama mata farar takarda, sai abin da ta haddace take rerawa. Sa'ad da aka haifa musu jika aka miƙa mata, ta shafa fuskar jaririyar da yatsunta, ta tambayi surukarta, “Da wa ta yi kama?” Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ji, ya fita.

Manomin nan yana da maƙwabci, mutum mai ilimi, wanda ya yi aikin ofis a birni shekara talatin kafin ya dawo gida ya huta. Shi ke rubuta wa mutanen ƙauyen wasiƙa, shi ke cike musu takardu, ba ya kuwa karɓar ko na goro. Kowa yana kiransa Malam. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son a gyara masa. Mahaifiyarsa tsohuwa tana zaune tare da shi, ita ma yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu.

Wata Lahadi, lokacin noman fari, magatakardan ikilisiya ya tashi ya yi sanarwa. Ya ce likitocin ido za su zo babban asibitin birni a wata mai zuwa, za su yi wa mutum ɗari aiki kyauta. Amma duk mai bukata sai an shigar da sunansa a shafin asibitin na intanet kafin ranar Asabar. Ya ɗauki alli ya rubuta adireshin shafin a kan allo.

Da aka tashi sujada, mutane suka dubi allon suka wuce. Manomin ya tsaya, ya ari fensir, yana kwafa harafi harafi a bayan wata tsohuwar takarda. Malam yana jiransa a bakin ƙofa, har ya gaji ya ce, “Baban Dogara, me kake wahalar da kanka? Ai na riƙe shi a ka.”

Manomin ya amsa ya ce, “Kanka randa ne, Malam. Nawa kwando ne, ba ya riƙe ruwa.”

Ranar Laraba suka bar gona suka hau mota zuwa birni, kowa da katin ɗan ƙasa na mai ciwonsa a aljihu. Suka shiga wani shagon kwamfuta kusa da tasha, irin wanda kowa ke biya ya zauna ya yi aikinsa ya tashi. Kwamfuta huɗu ne a ciki, mutane kuwa sun fi ashirin, masu neman aiki da masu duba sakamakon jarrabawa, janareta yana ruri a bayan ɗaki. Mai shagon mace ce mai kuzari, ita kaɗai take fama da kowa. Ta karɓi katunan nan biyu, ta ɗauki hotonsu ta zuba cikin kwamfutar da za su zauna, ta koma wajen injin kwafe takardu.

Da layi ya zo kansu, Malam ya zauna, ya gyara tabarau. Yatsunsa suka yi ta gudu a kan maɓallai kamar kaji a kan tsaba. Nan da nan shafi ya buɗe, ga hoton likitoci cikin fararen riguna suna murmushi, ga zanen ido mai shuɗi, ga sunan asibitin da manyan baƙaƙe. Ya shigar da sunan mahaifiyarsa, da shekarunta, da lambar katinta, da lambar wayarsa. Shafin ya nemi lambobin da ke gaba da bayan katinsa na banki, ya ce don tabbatarwa ne kawai, ba za a taɓa kome ba. Ya shigar. Sai aka rubuta masa cewa an aika da takardar shaida zuwa akwatinsa na imel. Ya buɗe akwatin. Kwamfutar ta fito da wata 'yar tambaya a gefe, ya danna mata amincewa bai karanta ba. Aka buga masa takarda mai kyau, da jan hatimi a ƙasa.

Ya juyo da fara'a ya ce, “An gama na Inna. Kawo bayanan Maman Dogara in cike maka, mu kama mota kafin rana ta take.”

Manomin ya sa hannu a aljihu, amma takardarsa ya fara zarowa. Ya ce, “Malam, a ina adireshin yake a jikin gilashin nan?”

Malam ya nuna masa wani siririn layi a can sama. Sai manomin ya sunkuya, ya ɗora yatsa ɗaya a kan takarda, ɗaya a kan gilashi, ya fara kiran haruffa a hankali. Masu layi suka soma gunaguni. Wani ya ce, “Baba, nan ba aji ba ne, lokaci muke saye!” Bai ɗaga kai ba. Ya kai wani wuri ya tsaya. Ya koma farko ya sāke bi. Ya sāke tsayawa a wuri ɗaya.

Ya ce, “Malam, a takardata kalmar nan asibiti tana da i uku. A nan biyu nake gani. Daga b sai aka tsallaka zuwa t.”

Malam ya duba. Ga shi kuwa, asibti ya rubuta. Ya ce, “Harafi ɗaya! In da kuskure ne ai da shafin bai buɗe ba. Ba ka ga likitoci ba? Ba ka ga hatimi ba?”

“Na gani. Amma ba hoto magatakarda ya zana mana a allo ba. Haruffa ya rubuta.”

“Wataƙila kai ne ka ƙara wajen kwafa.”

Manomin ya ce, “Mai yiwuwa ne.” Sa'an nan ya ƙirga da yatsu, yana faɗa a fili, “A, si, bi, ti. Ai ko a baki ma uku ne, Malam.”

Wani a cikin layi ya yi dariya, wannan karon kuwa ba manomin ake yi wa ba. Dariyar nan ta soki Malam har cikin rai. Ya miƙe, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce, “Shekara talatin ina cin abinci da alƙalami, yau mai garma ne zai koya mini rubutu? Ka yi naka yadda ka iya.” Ya fita, bai waiwaya ba.

Manomin bai taɓa danna kwamfuta ba a duniya. Ya kira mai shagon ya ce, “'Yata, ki taimake ni. Ni zan kira haruffa, ke ki danna.”

Kafin ta iso, wani mutum da ke bayansa ya miƙo wuya ta kan kafaɗarsa, gama akwatin wasiƙun Malam yana nan a buɗe yadda ya bar shi, ga saƙonnin 'ya'yansa, ga na ofishin fansho, ga na likitansa. Mutumin ya ce, “Kai, ashe tsohon nan yana da labarai. Bari mu gani.”

Manomin ya cire hularsa ya rufe gilashin da ita. Ya ce, “Ɗakin mutum ne ya manta bai ja ƙofa ba. Ba a leƙawa.” Ya riƙe hular a wurin har mai shagon ta zo. Ya ce mata, “Yaya ake rufe wannan?”

Ta rufe akwatin Malam. Ta ƙara dubawa ta ce, “Har ma ya yarda kwamfutar ta riƙe kalmarsa ta sirri. Da duk wanda ya zauna nan yau zai shiga kamar gidansa.” Ta goge wannan ma.

Sa'an nan manomin ya kira haruffan ɗaya ɗaya, tana dannawa. Da ta gama bai yarda ta ci gaba ba, sai da ya sāke bin layin da yatsa har ƙarshe. Shafin ya buɗe. Ya yi kama da na farko, sai dai ma bai kai shi ado ba. Ya nemi suna, da shekaru, da hoton katin ɗan ƙasa, da lambar waya. Bai nemi katin banki ba. A ƙasa kuwa an rubuta gargaɗi, mai shagon ta karanta da ƙarfi kowa ya ji: asibitin nan ba ya neman lambar katin bankin kowa, duk shafin da ya nema ba nasu ba ne.

Manomin ya ce mata ai shafin da Malam ya cike ya nemi lambobin katin banki. Matar ta dafe ƙirji ta ce, “Baba, wancan shafin na ɓarayi ne. Ka bi maƙwabcinka ka gaya masa.”

Aka ba Maman Dogara lamba ta tamanin da uku, aka buga a farar takarda mara hatimi. Manomin ya karɓa, amma bai tashi ba. Ya ce, “'Yata, hoton katin matata da kika ɗauka, ina yake yanzu?”

“Yana cikin kwamfuta, Baba.”

“To, a fitar da shi, da na tsohuwar nan. Ba zan bar fuskar matata a kasuwa ba.”

Ta goge su yana kallo, ta shiga inda kwamfuta ke tara abin da aka zubar, ta goge su a can ma. Kafin ya fita ta ari takardarsa, ta rubuta adireshin da manyan haruffa a kan kwali, ta manna a bango inda kowa zai gani.

Da ya isa tasha, ya tarar Malam ya riga ya hau mota. Kashegari da safe, kafin ya tafi gona, ya shiga gidansa, suka gaisa, ya jira har suka zama su biyu kaɗai. Ya gaya masa abin da aka rubuta a shafin gaskiya. Ya ce, “Saura kwana biyu, Malam. Ba don in ci gardama na zo ba. Mu koma, ni zan raka ka, ba wanda zai ji. Ka kuma biya banki su rufe katin nan.”

Malam ya ɗauko takardarsa ya shimfiɗa a cinya, ya daɗe yana dubanta. Ya ce, “Tawa tana da hatimi. Taka tana da shi?”

“Ba ta da shi.”

“To.”

Daga cikin ɗaki tsohuwa ta ɗaga murya, “Wane ne? Baban Dogara ne? An ce da ni da matarka za mu gani wata mai zuwa.”

Manomin ya ce, “Da yardar Allah, Inna.” Ya fita zuciyarsa da nauyi.

Ya tafi wurin magatakarda, suka duba takardar da asibiti ya aiko, i uku ne. Suka koma wurin Malam tare. Malam ya ce ya ji, zai duba. Bai duba ba. Asabar ta zo ta wuce. Bayan 'yan kwanaki saƙon banki ya shigo wayarsa, ya ga an kwashe abin da ke ciki. Ya ɓoye, bai gaya wa kowa ba, yana ce wa kansa kuskuren banki ne, takardar kuwa tana nan da hatiminta.

Da ranar aiki ta zo, gida biyun suka shiga mota ɗaya. A ƙofar asibiti wata ma'aikaciyar jinya tana zaune da jerin sunaye. Ta duba farar takardar manomin, ta sami sunan Maman Dogara, ta ce a shiga da ita. Malam ya miƙa tasa. Ta dube ta, ta yi ajiyar zuciya, ta ɗora a kan waɗansu irinta da ke gefe. Ta ce, “Baba, kai ne na goma sha huɗu yau. Ba mu muka ba da wannan ba.”

Ya roƙa. Ya faɗi shekarun mahaifiyarsa, ya faɗi nisan ƙauyensu. Ta ce ta ji tausayi, amma mutum ɗarin sun cika, kowannensu kuwa da nasa ciwon ya zo. Tsohuwa tana riƙe da hannun rigarsa, tana tambaya, “Me ta ce? An kira ni?” Mutumin da ke rubuta wa gari duka wasiƙa ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hannuwansa.

Manomin bai ce masa “ai na gaya maka” ba. Ya zaunar da tsohuwa a inuwa, ya sayo mata kunu, ya dawo ya zauna kusa da maƙwabcinsa. Suka jira tare har aka fito da Maman Dogara da bandeji a fuska.

Kashegari aka kwance mata. Ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye suna zuba. Ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, ta ce, “Baban Dogara, wa ya ɗinke maka farar riga da baƙin zare?”

Ya ce, “Ni ne.”

Ta yi dariya har likita ya ce ta yi a hankali.

Lahadi mai zuwa, bayan sanarwa, Malam ya nemi izini ya tashi a gaban jama'a. Ya ce, “Na bar harafi ɗaya a baya. Wannan kowa yana iya yi. Amma an nuna mini sau uku na ƙi gani, wannan kuwa ba laifin yatsa ba ne. Ku yi wa mahaifiyata addu'a, ku yi mini.” Ya zauna.

Tsohuwa ta jira wata goma sha huɗu. Maman Dogara ce take kama hannunta zuwa sujada da dawowa. Sa'ad da likitocin suka sāke zuwa, Malam ya kwafi adireshin a takarda, ya je ya roƙi manomin ya raka shi shagon, ɗaya yana kira ɗaya yana dannawa. Aka yi wa tsohuwa aiki. Ido ɗaya ya buɗe. Ɗayan kuwa likita ya ce an makara.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi, ku saurara da kyau, gama ba labarin mutanen dā ba ne, namu ne.

Adireshin shafi kamar kwatancen gida yake. Akwai mugaye waɗanda sana'arsu ke nan, su zauna su yi tunanin irin kuskuren da yatsan mutum yakan yi, harafin da zai tsallake, ko biyun da zai juya, sa'an nan su gina nasu gida a daidai wurin da zai faɗa. Su yi masa fenti irin na gidan gaskiya, su rataya hotuna iri ɗaya, su zauna suna jira. Ba sa fasa ƙofar kowa. Kai da kanka za ka zo, ka yi sallama, ka miƙa musu makullinka. Shi ya sa buɗewar shafi ba shaida ba ce cewa ka iso inda ka nufa. Hoto ba shaida ba ne, hatimi ba shaida ba ne, gama duka ana kwafa. Abin da ɓarawo ba zai iya kwafa ba shi ne adireshin kansa daidai da daidai, dole ya bambanta ko da harafi ɗaya. Saboda haka can sama za ka duba, a siririn layin nan da kowa yake rainawa. Ka karɓi adireshi daga hannun da ka amince da shi, ka rubuta, ka gwada da abin da ke gabanka kafin ka ba da ko sunanka. In kuwa shafi ya fara tambayar lambobin katin banki a kan abin da aka ce kyauta ne, ka janye hannunka ka tambayi mutum mai rai.

Kwamfutar shago kuwa kamar tabarmar zaure take, kowa ya zo ya zauna. Ba laifi ba ne ka zauna, yawancinmu ba mu da tamu a gida, masu shagunan nan kuma suna yi mana hidima. Amma ba a kwance ɗamara a zaure. In ta tambaye ka ko ta riƙe kalmarka ta sirri, ka ce a'a, ka kuma karanta tambayar kafin ka amsa. In ka gama, kada ka tashi kawai don ka ga an buga takardarka. Ka fita daga akwatinka, ka tabbata ya rufu, ka sa a goge hoton katinka da takardunka kana tsaye. Harkar banki kuwa, in da hali, kada ka yi ta a can sam. Ni da nake muku wannan magana, na taɓa barin akwatina a buɗe a irin wannan shago, na yi nisa a cikin mota kafin na tuna. Na sauka a hanya na koma da ƙafa, ina zufa, kashegari kuma na canza kalmar. Ban ji kunyar komawa ba, ku ma kada ku ji.

Matasanmu masu duba sakamako da masu neman aiki, da ku nake. Ku ne masu saurin yatsa, ku ne kuma iyaye suke miƙa wa katunansu su ce ku cike musu. Sa'ad da uwa ta ba ka katinta, amanarta ta ba ka. Kada gwaninta ta sa ka ƙi dubawa sau biyu.

Amma misalin bai tsaya a kan kwamfuta ba. Ƙarya ba ta zuwa da baƙar fuska. Da ta zo haka da ba wanda zai bi ta. Takan zo ne sanye da rigar gaskiya, da murya mai daɗi, da sunan Allah a bakinta, ta rage abu ɗaya kaɗai. Za ku ji masu wa'azi a waya da a kasuwa, maganarsu kashi tara daidai ce, na goman ne ramin. Mai bi na gari yakan ɗauki abin da ya ji ya ɗora kusa da abin da aka rubuta a Maganar Allah, ya bi a hankali, ko da za a ce masa ya cika jinkiri. Ubangiji bai ba kowa ilimi daidai ba, amma kowa yana iya tsayawa ya gwada. Manomin nan bai fi Malam sani ba, ko kusa. Ya san dai kansa, ya san yana iya kuskure, shi ya sa ya rubuta, shi ya sa ya duba.

Ku lura kuma, ba ranar Laraba tsohuwar nan ta rasa idonta ba. A ranar Laraba kuskure ne kawai, akwai kuma sauran kwana uku na gyara. Ta rasa shi ne ranar Alhamis da Jumma'a, sa'ad da ɗanta ya zaɓi ya riƙe mutuncinsa a gaban mutane maimakon ya ce, “Na yi kuskure.” Girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba, yakan ci waɗanda suke riƙe da hannun rigarsa. In ka gane ka faɗa hannun 'yan damfara, kada ka ɓoye. Ka garzaya banki a rufe katin, ka canza kalmarka ta sirri, ka faɗa wa 'yan'uwa don kada wani ya bi sawunka. Haka yake da kowane zunubi. Wanda aka furta da wuri yana da magani, ƙofar tuba kuwa a buɗe take, kamar yadda Malam ya same ta da ya tashi a gaban jama'a.

Akwai kuma abin da nake so mu ɗauka daga manomin nan game da zama da maƙwabci. An zage shi a gaban mutane, minti kaɗan bayan haka asirin mai zaginsa yana shimfiɗe a gabansa. Ya rufa masa. Wata rana kai ma za ka zauna a kujerar da wani ya tashi, ka tarar da saƙonninsa a buɗe, ko wayar ɗan'uwa ta faɗo hannunka ba makulli. A lokacin ba wanda yake ganinka sai Allah. Ka rufe, ka kuma faɗa wa mai shi ya kiyaye. Mu da Ubangiji ya rufa wa asiri, ba mu da ikon tona na wani.

Ba na faɗi waɗannan don ku ji tsoron intanet ba. Ta wurinta aka shigar da sunan Maman Dogara, ta wurinta 'ya'yanmu suke samun makaranta da aiki. Ku shiga da ƙarfin hali, idanunku a buɗe. A cikin makon nan wani a cikinku zai zauna gaban kwamfutar da ba tasa ba, da layi a bayansa, ana ce masa ya yi sauri. Ka bar su su yi gunaguni. Kafin su kai gida sun manta da kai, amma kai da iyalinka ne za ku zauna da abin da ka danna.

Mu tashi mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu haƙurin dubawa, da tawali'un karɓar gyara ko daga bakin wanda muka raina. Ka tsare mu daga masu kafa tarko, ka kuma sa mu zama masu tsaron juna. Amin.